Mai Injin Niƙa a Bagega

Gero na saba niƙawa.
Shekara goma sha ɗaya a bakin kasuwa
da injina mai tarin tsohon mashayin taba,
mata su miƙo ƙwarya, in mayar musu da gari.
Ran nan Labbo ya dire buhu a gabana.
Na kwance baki, sai ga duwatsu.
Na ce, Labbo, tuwon wa za a tuƙa da wannan?
Ya yi dariya, ya faɗi kuɗin.
Buhu ɗaya ya doke tiya hamsin.

Na kwashe injin na kai gida
don kar idon mutane ya ƙirga mini samu.
Na kafa shi kusa da turmin Ige,
inda Tumba ke koyon rarrafe.

Ƙurar ba ta da wari.
Har gobe wannan nake gaya wa mutane:
da tana wari, da mun gudu.
Toka-toka ce, da laushin kwalli,
ta kwanta kan randa, kan faifai, kan igiyar shanya,
ta kwanta a tafin hannun yarinya,
hannun yaro kuwa kowa ya san inda yake zuwa.

Agwagi ne suka fara.
Muka ce ciwon kaji ya zagayo.
Sannan Tumba ta sandare a bayan uwarta,
ido sama, baki na kumfa.
Aka ce iska, aka ce sanƙarau,
aka yi hayaƙi, aka sha rubutu.
A layin da muka kwantar da ita
duk kaburburan kamu huɗu ne, kamu biyar.
Na yi zaman makoki kwana bakwai,
ran na takwas na tada inji.
Allah shaida ban sani ba.
Amma babur ɗin da na saya yana zaure,
kuma ba na iya kallonsa.

Baƙi suka zo da wani ƙarfe kamar bindiga,
suna auna ƙasa, ba mutum ba.
Yarinyar da ke riƙe da shi ta karanta lambar gidana,
ta sake karantawa, ta kasa duban fuskata.
Dalma, in ji su.
Ni da na san dalma wajen liƙin tukunya.

Aka kankare tsakar gidana kamar ƙanzo.
Ƙasar da aka binne cibiyata,
ƙasar da ke da sawun gwiwar Tumba,
buhu-buhu aka kai ta rami bayan gari, aka rufe.
Aka juye mana sabuwa, ja, daga daji,
ƙasar da ba ta san sunan kowa ba.
Ige ta yi wata guda ba ta share ta ba,
ta ce ba a yi wa baƙo tsintsiya.

Mani ya sha. Maganin ya ja dalmar daga jininsa,
sai dai ta bar masa nauyin harshe.
Shekararsa tara, yana neman kalma
kamar mai laluben guga a rijiya.
Shi ya dasa zogale a jar ƙasar,
shi yake ba ta ruwa, yana yi mata hira a hankali,
ita kuma ba ta gaggauta shi.
Bana ta wuce katanga.

Ramukan suna nan, ba zan ɓoye ba.
Samari na shiga, yunwa ba ta jin wa'azi.
Sai dai niƙan ya koma bayan gari,
kuma wanda ya dawo da ƙura a riga
Ige ba ta barinsa ya wuce zaure.

Na sake faranti, na koma wa gero.
Na sayi 'yan agwagi biyu a kasuwar Anka,
ba don miya ba.
Kowace safiya, kafin in ce wa kowa ina kwana,
sai na leƙa gindin zogale
na ƙirga su.